Ɗakin Mai Gwajin Iri

Shekarar da aka tura ni Badagishiri in shugabanci buro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma, ban san kowa ba a garin. Mijina da yara suna Ƙonni saboda lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa na kama hayar ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a bayan kasuwa. Juma'a da yamma in hau motar Ƙonni, Lahadi in komo. Sauran kwanakin daga ni sai tukunyata. Na taso a gidan direbobi da 'yan kasuwa, inda ba a rufe zaure, ba a kuma taɓa dafa abinci daidai da yawan mutanen gida ba. Wanda ya taso a irin gidan nan ya san yadda tuwo ke tsayawa a wuya idan babu mai miƙo hannu cikin kwanon. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a watannin farko, girman kujera kuma ya hana ni faɗa wa kowa.

Aikinmu ba mai wuyar bayani ba ne. Bayan kaka mu sayi irin gero da dawa da wake daga manoman da suka iya, mu ajiye a magaza, wato ɗakin ajiya, kafin damina mu sayar wa 'yan ƙungiya. Amma ba a fitar da buhu ko ɗaya sai an gwada shi, don manomin da ya shuka mataccen iri ya yi asarar ruwan farko, ruwan farko kuwa ba ya dawowa don wani.

Mai gwajin irin namu mutum ne siriri, ya ba shekara talatin baya. Yana da ƙaramin ɗaki a bayan magaza, taga ɗaya, tebur ɗaya, da kantoci na katako. Daga kowane buhu zai ƙirga ƙwaya ɗari, ya jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ya naɗe kamar tabarma, ya maƙala lambar buhun, ya ajiye a kanta. Safe da yamma yana yayyafa musu ruwa. Bayan kwanaki ya warware, ya ƙirga waɗanda suka tsiro, ya rubuta a littafinsa. Buhun da ya ce bai yi ba, ko shugaban kwamitin ƙungiya ne ya kawo shi, sai dai a kai shi ga masu tuwo. Shekara tara yana wannan aiki, ba a taɓa jin manomi ya dawo da ƙorafi ba.

Ranar da na fara zuwa, aka zagaya da ni ana gaisawa. Da muka iso gare shi ya ce, "Ina kwana," yana duban ƙofar da ke bayana. Na amsa, na ce ina gajiya. Ya ce, "Akwai." Na tsaya ina jiran sauran gaisuwar, ta gida da iyali da zafin rana, shi kuma ya koma ga ƙwayoyinsa. A raina na ce, to, wannan ko dai girman kai ne, ko kuwa mace ce ba ya so a kansa.

Cikin mako biyu na ga ba haka ba ne. Kowa haka yake yi masa, shi ma haka yake yi wa kowa. Daga safe har azahar ba mai shiga ɗakinsa. Mai buƙatar wani abu a wurinsa sai ya rubuta a 'yar takarda ya jefa cikin wani gwangwanin madara da aka kafa da ƙusa a bakin ƙofar. Da rana kuwa, lokacin da ma'aikata ke shimfiɗa tabarma a inuwa su kewaye babban tire na shinkafa da wake, sai tsohon da ke kula da magaza, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ɗebi rabon mutumin a ƙaramin kwano, ya rufe, ya je ya ajiye a bakin ƙofarsa, ya dawo.

Wannan kwano shi ya tsaya mini a rai. A gidanmu, wanda ake ajiye wa abinci a bakin ƙofa mai ciwon da ake gudu ne. Ina zaune ina kallon kwanon nan a ƙasa, ga mutane shida suna dariya a kan tire, sai na ji zuciyata tana tafasa. Na san ɗacin ci kai kaɗai, da shi nake kwana da shi nake tashi. Na ce wallahi ba a ƙarƙashin shugabancina za a ware ɗan Adam haka ba.

Na fara bincike. Na tambayi sakatare, ya ce haka ya iske abin. Na tambayi direba, ya taɓa kansa da yatsa ya yi murmushi. Na tambayi Baba. Ya daɗe yana kaɗa makullansa kafin ya ce, "Madam, mai ɗaki shi yas san inda ruwa ka zuba mai. In da za ki bari ki ga damina guda tukuna."

Hannunka mai sanda ya yi mini, na yi kunnen uwar shegu. Na ɗauka tsoho ne kawai da ba ya son a taɓa abin da ya saba. Duk binciken nan da na yi, mutum ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne mai ɗakin.

Ranar Litinin na tara ma'aikata, na yi jawabi mai kyau. Har yau ina tuna wasu kalmomin, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce mutum rahama ne, na ce mu 'yan uwan juna ne, na ce daga yau tebur ɗaya, tire ɗaya. Na sa aka ɗauko teburin mai gwajin irin da kantocinsa aka kawo babban ɗaki, kusa da nawa, don kowa ya ga matsayin da na ba shi. Na sa aka cire gwangwanin. Yana tsaye yana kallo ana fitar da kayansa, yana murza babban yatsansa a gefen aljihu. Na ce, "Malam, ai ka fi jin daɗi a nan, ko?" Ya ce, "A'a." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka kunya ce.

Babban ɗakin namu kasuwa ce ƙarama. Rediyon sakatare ba ya mutuwa, fanka tana ƙara kamar injin niƙa, wayoyi suna ruri, manoma suna shiga suna fita. Kuma manomin ƙasarmu ba ya wuce mutum a zaune bai gaishe shi ba. Mai gwajin irin zai kai ƙwaya sittin da wani abu a ƙirga, a ce masa sannu da aiki, ya tsaya, ya tattara su, ya koma daga ɗaya. In bai amsa ba, manomi ya ɓata rai, ni kuma in ce, "Malam, ana gaishe ka." Sai ya amsa, ya sake komawa daga ɗaya. Aikin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi la'asar. Ya fara jan hularsa har ta rufe kunnuwa, a cikin zafin bazara. Wani lokaci in gan shi yana rangaji kaɗan-kaɗan a kan kujera, gaba da baya.

A tire kuwa yakan zauna a gefen tabarma, ya yi loma uku ya tashi. Ana zolayarsa da ƙauna, ana ce masa ango ya fito daga lalle, shi kuwa ba ya gane inda wasan ya nufa, sai ya ce shi ya daɗe da aure. A sake fashewa da dariya. Na ga ya rame, na ce sabo ne, zai saba. Har na rubuta a rahotona na wata cewa an samu ci gaba wajen haɗin kan ma'aikata.

Abin ya fashe ranar kasuwar garin, a mako na huɗu. Ɗakin ya cika maƙil da mutanen ƙauye. Wani dattijo mai fara'a, wanda bai nufi kowa da sharri ba, ya ga naɗaɗɗun ƙyallaye a kanta, ya ɗauki ɗaya yana tambaya ko mene ne. Wani ya ɗauki na biyu. Suka warware, suka yi mamaki, suka mayar inda suka ga dama, lambobin suka zube a ƙasa. Sai na ji kujera ta faɗi. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta wuce tebur ba yana tsaye, hannuwansa a kan kunnuwa, yana cewa da ƙarfi, "Ku bari! Ku bari! Ku bari!" Ya ratsa mutane ya fita, bai ko ɗauki jakarsa ba.

Nan take aka fara fassara. Wani ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wani ya ce dama an san da lalura. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Buhuna sama da ashirin suna jiran gwaji, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Shugaban kwamiti ya zo da kansa, ya ce ba za a ajiye mai yi wa dattawa tsawa ba, ya ba ni mako ɗaya: ko mutumin ya dawo ya gama aiki lami lafiya, ko a ɗauki wani.

Na iske Baba a magaza yana ɗinke bakin wani buhu. Na zauna a kan ma'auni ba tare da an ce in zauna ba. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma da ya ce da ya fi mini sauƙi.

"Madam," ya ce, "kwanon ga da kinka gani, shi yar roƙe ni. Gwangwanin ma shi yak kahwa shi da hannunai. Sa'adda yaz zo wurin ga, haka munka yi mai kamar yadda kinka yi. Shekara guda muna wahal da shi muna wahala. Da kaɗan-kaɗan munka gane. Ba ware shi munka yi ba, wuri munka ba shi."

Na ce, "To, Baba, me ya hana ka faɗa mini haka ƙarara?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ke ta shugaba. Kuma kin zo da alheri a hannu. Wa ka tare mai alheri?"

Da la'asar ya raka ni gidan su mai gwajin irin, can gefen fadama inda ake lambun rani. Mahaifiyarsa ce ta tarbe mu, tsohuwa mai kaifin ido. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka yi gaisuwa cikakkiya har da rabon ɗanta. Matarsa ta leƙo ta gaishe ni a taƙaice ta koma, ban ga laifinta ba. Tsohuwar ta ce tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi. A lakwal lissafi ba a kama shi, amma ya sha bulala saboda ba ya duban malam a ido. Ya taɓa aikin yanka tikiti a tashar Illela, bai cika mako ba hayaniya ta koro shi. Ya tsare wa wani shago a Ƙonni, aka sallame shi don yana faɗa wa masu saye aibin kaya.

"Ɗiyata," ta ce, "aikin ga naku shi kaɗai na yat taɓa zama mai. Da shi muka ci, ni da matatai da ɗiyanai biyu. Kwana ukku ke nan bai ci abin kirki ba."

Na ce, "Inna, ni na ɓata. Ina so in gan shi."

Yana bayan gida a inuwar rumbu, yana tsince wake a faifai. Na zo zan zauna a gabansa, sai na tuna yadda yake kau da ido, na koma gefensa, muka fuskanci katanga tare. Na ce, "Malam, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe mini." Kowane Bahaushe da na sani zai ce ba komai, ko da akwai komai. Shi bai ce ba. Ya ci gaba da tsintar wakensa.

Can ya ce, "Kin tambayi sakatare. Kin tambayi direba. Kin tambayi Baba. Ina jin ku ta taga. Mi yas sa ba ki tambaye ni ba?"

Na faɗa masa gaskiya. Na ce na ɗauka na riga na sani. Na ce na ga yana ci shi kaɗai, na ɗauka yana jin abin da nake ji.

"Ni ba ni jin kaɗaici cikin ɗakin can," ya ce. "Cikin babban ɗaki nika jin shi."

Na ce za a mayar da komai yadda yake, tun gobe. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai koma ba sai an rubuta. Na ce ai ni ce shugaba, maganata ta isa. Ya ce, "Ke za a ɗauke ki. Kowa ana ɗauke shi. Wanda za shi zo bayanki, shi ma shina iya zama mai kirki."

Na sha jin maganganu masu zafi a rayuwata, daga dangin miji har manyan buro, amma ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar wannan ba, kuma ba da niyyar zafi ya faɗe ta ba. Na ciro takarda da alƙalami daga jakata. Yana faɗa ina rubutawa. A bar masa ɗakinsa da ƙofa a rufe har azahar. A rubuta masa abin da ake so maimakon a faɗa masa a tsaye cikin mutane. In za a sauya wani abu a aikinsa, a sanar da shi kwana biyu kafin nan. Kada kowa ya taɓa kantocinsa. Abinci kuwa ya ci inda ya so. Da na karanta masa sai ya gyara mini wuri ɗaya: ya ce in ƙara cewa ranar Alhamis bayan la'asar ƙofarsa a buɗe take ga manomin da ke son ganin yadda ake gwaji, amma mutum ɗaya-ɗaya. Ashe yana son nuna aikinsa. Shekara tara ba wanda ya san haka, har Baba.

Shugaban kwamiti ya yi ta gunaguni, ya ce yau ga ma'aikaci yana kafa wa ƙungiya sharaɗi. Na ce masa ya duba takardar ya nuna mini abin da zai ci wa ƙungiya ko dala ɗaya. Ni ma ina da bakina in an taɓo ni. Ya sa hannu, na buga hatimi. Mutumin ya dawo, ya sake gwajin buhunan da aka rikita tun daga farko, ya gama kwana biyu kafin ruwan shuka.

Daga baya wata ƙawata ma'aikaciyar asibiti a Ƙonni ta ce abin da nake kwatantawa ya yi kama da wanda suke kira otizim, wato ƙwaƙwalwa ce mai nata tsarin, ba hauka ba ce, ba iska ba ce. Ni ba likita ba ce, shi ma bai taɓa zuwa an duba shi ba, don haka ban laƙaba masa sunan ba. Abin da ya kamata a yi masa dai shi ya faɗa da bakinsa, ranar da aka tambaye shi.

Ni kuwa na koma tire. Nan na lura da abin da ban lura da shi ba a da: duk lokacin da na zauna, hira sai ta sauya, dariya ta ragu, kowa ya gyara zama saboda Madam ta zo. Ashe a buron nan mutum ɗaya ne kaɗaici ke ci, kuma ba shi ne a ɗakin baya ba. Na so in yi wa kaina magani ne a jikin wani. Shekara biyu na yi a garin, ban yi ƙawa ba, sai dai gaisuwar mutunci da matar mai gidan da nake haya.

Da takardar sauyin wurin aiki ta zo, aka mayar da ni Ƙonni kusa da yarana, na yi murna har da hawaye. Ana gobe zan tafi na je na yi masa ban kwana bayan azahar. Bai ce Allah ya kiyaye hanya ba. Ya ce, "Kin bar takardar?" Na ce na bari. Ya ce, "To."

Wanda ya gaje ni mutumin garin Dogarawa ne, matashi mai faran-faran, irin wanda kafin ya zauna ya san sunan kowa da na 'ya'yansa. Na so shi nan take, kowa ma ya so shi. Na miƙa masa makullai da littattafai, sannan na ciro takardar na ce ya karanta a gabana. Ya karanta yana murmushi.

"Hajiya, kada ki damu," ya ce. "Ni mutum na mai son jama'a. Ba ni iya ganin ɗan'uwa ƙumshe cikin ɗaki. Ki ba ni wata guda, za ki ji labari, har shayi za shi dahwa muna."

Na ajiye jakata na zauna. Na ba shi labarin tun daga kwano har ranar kasuwa, ban rage kaina ba ko kaɗan. Na ce ya je ya tambayi mutumin da kansa kafin ya taɓa ko da ƙusa. Yana saurare cikin ladabi, yana gyaɗa kai, yana cewa ƙwarai kuwa, haka ne. Na san irin gyaɗa kan nan. Ya ninke takardar gida huɗu, ya buɗe aljihun tebur, ya sa ta ƙarƙashin kwalin sukari. A waje direban motar Ƙonni yana ta danna oda, saura ni kaɗai.

Yanzu damina uku ke nan. Lambar Baba tana cikin wayata, na sha kai yatsa kanta idan na ga hadarin farko ya taso. Har yau ban kira ba, domin ina tsoron abin da zai ce mini.